Dakon Guba a Dajin Birnin Gwari

A Funtuwa aka raba ni da jakina. Kwanana goma sha ɗaya ke nan da barin Tasawa, ina gudun aikin dole na Faransa, ina bin labarin da fatake suka kai mana cewa a ƙasar Ingilishi, can dajin Birnin Gwari, Turawa na haƙar zinariya, kuma duk mai ƙarfi yana samun aiki. Sunana Isuhu. Na baro mata da ɗiya guda wadda ko zama ba ta fara ba.

A bakin kasuwa wani mutum mai tsabtar riga ya tare ni, ya tambayi inda za ni. Da na faɗa masa sai ya kama baki.

"Da jaki? Ai tsando ba ya barin jaki a dajin nan, ko mako ba zai yi ba. Bar shi gidana, in ka komo ka ɗauki abinka."

Ya kai ni wani zaure, ya ba ni ruwa, ya ɗaure jakin a turke. Na yi gaba ina sa masa albarka. Sai da na yi nisa na tuna na bar gorar ruwana a jikin mangala, na juyo. Ba jaki, ba mutum. Mai gidan ya fito ya ce shi ma bai san shi ba, baƙo ne ya roƙi inuwa. Maganar tsando kuwa gaskiya ce, daga baya na gani da idona. Abin da ya fi cin raina ke nan, da gaskiya ya cuce ni.

Na bi masu dakon gishiri muka nausa yamma. Ni mutumin rairayi ne, a ƙasarmu tun daga nesa kake hango mai zuwa har ka san ko wane ne kafin ya iso. Nan kuwa itatuwan doka da maje da gora sun haɗe sama, rana sai ta ɗigo kamar ta ramin rufi. Birai na ta haushi a kan duwatsu. Ƙafata ta kumbura, na ɗaure ta da tsumma, na ci gaba da jan ta, don wanda ya zauna ba a jiran sa.

Sansanin ma'aikata bukkoki ne na ciyawa a jere, yamma da gari. Akwai Zazzagawa, akwai Gwarawa da Kamukawa, akwai mutanen kudu masu aikin inji. Ran da na isa na ce ina son hura, kuma na gaji da tahiya, suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar sunana ya koma Tahi. Tuwon dawa da doya suka ƙi cikina wata guda cur. Ba abin da nake mafarki irin furar gero mai kauri da matata ke damawa.

Damina ɗaya na yi a cikin rami, ƙirjina ya kama, tari ya hana ni ɗaga diga. Da za a kore ni sai aka ce Baturen ɗakin awo na neman mai shara da wankin kwalabe. Ɗakin awo shi ne inda ake gwada dutse a san ko akwai zinariya a cikinsa. Ɗan gini ne na kwano, da murhu mai cin gawayi kamar na maƙera, da ma'auni a cikin akwatin gilashi. Baturen dogo ne marar magana, ana ce masa Mai Tabarau. Hausarsa guntu-guntu ce, amma abin da ya koya mini ya zauna.

Abu uku ne masu kisa a ɗakin. Akwai ruwan asid a manyan kwalabe, wanda in ya ɗiga a riga sai ya huda ta, in ya taɓa fata ya ci. Akwai zaiba, mai nauyi, mai gudu a ƙasa kamar tana da rai, da ita ake kama zinariya. Sannan akwai wani farin gari a gwangwanaye masu zanen ƙoƙon kan mutum, kamar gishiri a ido, warinsa kamar na jiƙaƙƙen rogo mai ɗaci. Ran nan ɗan ruwan wankinsa ya zube a ƙofa, karen kukun Baturen ya lasa. Taku bai fi goma ba ya yi ya faɗi yana shure-shure. Mai Tabarau ya kama hannuna ya kai ni kan karen, sannan ya nuna gwangwani, ya nuna kwalba.

"Wannan da wannan ba su gamu," in ji shi. "In sun gamu, hayaƙi. Kowa mutu. Ka ji, Tahi?"

Na ce na ji.

Ba a zubar da komai a waje. Duk ragowar awo, da ruwan da ya gama aiki, da laka mai zaiba, ni ke juye su kowanne a mazubinsa in kai sito a bayan ɗaki in kulle. Shekara uku ina wannan. Dasashina ya riƙa jini, bakina kullum kamar na tsotsi ƙarfe. Saƙo daga gida sau biyu kawai ya same ni, ta bakin fataken goro. Na biyun ya ce ɗiyata har tana zuwa rijiya da ɗan tulunta.

Sai babban yaƙin Turawa ya yi zafi. Aka ce yanzu kuza ake so ba zinariya ba, za a rufe aiki, a kwashi leburori zuwa Jos. Aka kira Mai Tabarau shi ma. Ana gobe zai tafi muka shiga sito ni da shi, muka liƙe bakin gwangwanaye da kwalta, muka jera kwalabe a akwatuna muka cusa ciyawa tsakaninsu. Ya kira helma, wato shugaban leburori, wani Bazazzagi ƙaƙƙarfa mai suna Tanko, ya yi mana bayani tare. A kan wani tudun dutse bayan garin Gayam akwai tsofaffin ramuka biyu da aka haƙa aka bari, busassu, ba ruwa kusa. Gwangwanaye da tukwanen zaiba a rami ɗaya. Asid a ɗaya ramin, a kan farar ƙasa, a tsiyaya a hankali. Sannan a cike su da duwatsu. Masu gwangwani su yi gaba, masu kwalabe su biyo da tazara mai yawa.

"Tahi ya sani," in ji shi. "Ku ji Tahi."

Tanko ya ce, "To, ranka ya daɗe." Amma na ga irin kallon da ya yi mini. Washegari mota ta tafi da Baturen, ban ƙara ganin sa ba.

Mu goma sha biyu muka tashi da kaya a ka. Farkon damina ne, an yi ruwa sau biyu ya ɗauke, zafi kamar a tukunya. Ni na ɗauki tukunyar zaiba ɗaya. Ƙarama ce, amma gammo biyu na yi, duk da haka wuyana kamar zai shige ƙirji. Wanda ke bayana Bawa ne, Bagwari, mutum mai shiru, da akwatin kwalabe a kafaɗa, don su ba sa ɗaukar kaya a ka. Tun ina rami shi ke rage mini doya in ya ga ban ci ba.

Rana ta biyu da hantsi muka iso wani rafi gabanin garin Kakangi. Ruwan bai fara gudu sosai ba, gurbi-gurbi ne, da ɗan siririn ruwa yana haɗa su. Aka sauke kaya. Tanko ya zauna a kan dutse ya dube mu.

"Jama'a, ku saurara. Saura tafiyar yini da hawan dutse, ga haƙa ga cikewa. Motar Jos jibi za ta tashi, wanda ba ya nan ta bar shi. Bature ya tafi. Ga ruwa nan, mu juye masa ya tafi da shi. Gwangwanayen nan kuwa da kwalaben, kun san yadda mata ke neman su."

Mutane suka yi na'am. Sun gaji, ban ga laifinsu ba. Na ce, "Helma, abin nan ba a sa shi a ruwa. Na ga abin da ya yi wa kare."

"Kare ya sha shi tsagwaronsa. Wannan rafi ne."

"Helma, don Allah."

Ya taso ya tsaya a kaina, ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kai Tahi, takardar me gare ka a ƙasar nan? Kalma ɗaya zan faɗa wa ɗan doka, a ɗaure ka a miƙa wa Faransa. Ka san abin da suke yi wa wanda ya gudu."

Na sani. Na ga waɗanda aka komo da su. Tanko ya sa wuƙa ya ɓamɓare kwalta, ya buɗe gwangwani ɗaya, ya kife shi a bakin gurbi. Ni dai na ja da baya, na sa gefen rigata na toshe hanci.

Ba a daɗe ba kifi ya fara tasowa. Tarwaɗa da karfasa, ciki sama, fari fat, har suka rufe fuskar ruwan. Wasu cikin leburori suka yi sowa suna neman shiga kamu. Can ƙasa da mu, a gurbi na gaba, muka ji kukan shanu. Garke ne ya gangaro shan ruwa daga tsallake, wani dattijon Bafulatani na biye da sandarsa.

Ban san lokacin da na zura da gudu ba. Ina ihu, ina jifan shanun da duwatsu, ina cewa, "Guba! Baffa, kore su! Guba ce a ruwa!" Dattijon ya zaci mahaukaci ne, ya ɗaga sanda. Amma biyu da suka riga shiga, fara da ja, sun sha. Farar ta fara tangaɗi, ta durƙusa, kumfa na fita a bakinta. Jar ta bi ta. Dattijon ya yi wata irin ƙara, sauran garken ya juya ya hau gaɓa. Ya zare wuƙa zai yanka farar kafin ta mutu, na riƙe masa hannu.

"Kada ka yanka, Baffa. Duk wanda ya ci naman nan zai bi ta."

Ya dube ni, ya dubi saniyar. Ya tsuguna ya ɗora hannu a wuyanta yana kiran sunanta da Fillanci har ta daina motsi.

Da na waiwaya, gaɓar da muka sauke kaya ba kowa sai Bawa. Tanko ya ga shanu sun faɗi, ya san maganar za ta kai gaban alƙali, ya shige daji, sauran suka bi shi. Kaya na nan zube, gwangwanaye da akwatuna gab da juna a cikin rana. Abin da na fara yi ke nan, na ce wa Bawa mu raba su.

"Kai me ya hana ka gudu?" na tambaye shi.

Ya nuna yamma da haɓa. "Ruwan nan ƙauyen kawuna yake zuwa."

Yinin nan ba mu zauna ba. Bawa ya ruga ƙauye ya faɗa wa mai gari a hana mata da yara rafi. Dattijon, wanda na ji ana kira Arɗo Buba, ya aika rugage. Maza suka zo da fartanya, muka tsame kifi da rassan itace muka binne, muka haƙa wa shanun nan biyu rami mai zurfi don kada kura ko ungulu su ci. Muka sare ƙaya muka kewaye gurabun. Wata tsohuwa ta tsaya tana kallon kifin nan ana tura masa ƙasa, ta ce, "Wannan wace irin asara ce, 'ya'yan nan?" Mutanen ƙauye ba su zage mu ba, amma ba wanda ya yarda ya taɓa kayan. Na roƙa, suka ce wanda ya kawo shi ya san yadda zai yi da shi.

Mu biyu, kayan mutum goma sha biyu. Muka fara kai ɗaya gaba mu ajiye, mu komo mu ɗauki wani. Yini guda muka yi a haka, da muka duba ko bishiyoyin rafin ba mu daina hangowa ba. Bawa ya zauna ya riƙe kai. Ni ma na zauna. Gaskiya a ranar na yi tunanin in tashi in kama hanyar arewa in bar komai a nan.

Da safe sai ga Arɗo Buba yana jaye da takarkari, baƙin sa mai ƙaton tozo.

"Ku ɗora masa na ƙarfen," ya ce. "Na kwalba ku ɗauka da kanku, ban yarda ya ɗiga masa ba."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Ba don ku ba ne. So nake abin nan ya yi nesa da ruwa kafin sama ta sako."

Ya bi mu da kansa, shi ke jan san. Ba ya yi mana magana sai ta hanya: nan akwai taɓo, nan ku bi hagu, can giwaye sun wuce jiya. Amma kowace rana in ta take, sai ya kwance ƙwarya ya miƙo mana nono da dambu, ya koma gefe ya ba mu baya har mu gama. Sawu uku muka yi tsakanin rafi da gindin tudun. A sawu na biyu kwalba ɗaya ta tsage a cikin akwati, asid ya jiƙa ciyawa ya sauko wa Bawa a kafaɗa. Bai jefar da akwatin ba. Ya durƙusa a hankali ya ajiye shi, sannan ya yi ihu. Na juye masa duk ruwan da muke da shi, na yaga rigar, Arɗo ya kawo nasa ya ƙara. Fatar ta saɓule kamar faɗin tafin hannu. Arɗo ya shafa masa man shanu ya ɗaure da ganye. Washegari Bawa ya koma ɗaya kafaɗar.

Hawan tudun kuwa takarkarin ba ya iyawa, da hannu muka hau da komai. Ramukan na nan yadda aka faɗa, sai da muka kori jemagu da wani kumurci. Muka zura gwangwanaye biyar da wofin na shida da tukwanen zaiba da igiya, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi duk sanda ɗaya ya bugi bango. Ɗaya ramin na can gefen gabas. Na zuba farar ƙasa, na duba inda iska ke kaɗawa, na sa Bawa da Arɗo suka koma bayana. Na riƙa tsiyaya asid kaɗan-kaɗan. Yana tafasa yana huci, wani jan hayaƙi na tashi, idona na ruwa, tarin nan nawa ya dawo sabo. Kwalba goma sha shida, kowacce sai na jira ta lafa kafin in ɗauko wata. Da na gama na farfasa kwalaben duka a ciki, don na san in na bar ɗaya lafiya wata rana za a zuba mata man gyaɗa.

Kwana biyu muka yi muna turo duwatsu. Tafin hannuna ya fashe, na daina jin yatsuna, ƙafata ta sake kumbura har aka ɗaure ta da tsumma. Ran da muka rufe na biyun da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Muka fake a ƙarƙashin wani falalen dutse. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Arɗo ya ce irin wannan shi zai cika rafi ya wanke gurabun, amma duk da haka shi sai ya ga kifi mai rai a ciki kafin ya kai shanunsa.

Bawa ya jingina ya yi barci nan take. Ni da Arɗo muka zauna muna kallon ruwa. Abin da ke ƙirjina tun bakin rafi ya ƙi kwanciya.

Na ce, "Baffa, akwai maganar da ban faɗa maka ba."

Bai juyo ba.

"Da helma zai zuba abin nan, na san me zai yi. Duk cikinmu ni kaɗai na sani sosai. Na hana shi sau biyu, ya tsorata ni, na yi shiru. Da na riƙe hannunsa, ko da na yi ihu tun a lokacin, da shanunka na nan."

Ya ciro asawaki ya duba bakinsa ya mayar.

"Na sani," ya ce. "Ina tsallake, na hango ku ta cikin gora kafin in gangaro. Na ga mutane a bakin ruwa suna leƙe, mutum ɗaya ya ja baya ya rufe hanci. A lokacin ban gane ba. Da farar ta faɗi na gane."

Na ce, "Amma ka ba ni sanka. Ka ba ni nono."

"Wa zan ba? Waɗanda ba su sani ba sun gudu. Kai da ka sani kai ka tsaya. Farar nan uwarta ta mahaifina ce. Ban ce na yafe ba, ɗana. Ban iya ba tukuna. Wataƙila baɗi."

Na ce, "To, Baffa."

Da gari ya waye muka sauka. Muka shiga Gayam muka gaya wa mai gari abin da ke kan tudun, ya tara dattawa, aka yi shela kada a haƙa, kada a yi gona a gindinsa, kada a kai dabba. Bawa ya kama hanyar ƙauyen kawunsa, kafaɗa a ɗaure. Motar Jos ta daɗe da tafiya, sansani ya zama kango, ba wanda zan je in ce wa an gama aiki.

A mararraba Arɗo ya tsaya. Hanyarsa kudu, tawa arewa. Ya kwance ƙaramar gora daga jikin san, cike da nono, ya rataya mini a wuya da hannunsa, don nawa ba sa iya riƙe komai. Ya ce in bi ta gefen gonaki, in bar hanyar rafi, ruwa ya cika. Sannan ya ja sansa ya tafi, bai waiwayo ba. Na tsaya har gora ta rufe su, na gyara tsumman ƙafata, na fara tafiya.